Shekarar da Na Yi Kwaɗo da Shayin Surukai

Wannan babin saboda Auta na rubuta shi. Duk Sallar duniya, da zarar an ci an ƙoshi jikoki sun baje a falo, sai ta gyara zama ta ɗauko labarin kwaɗon nan, kuma kowace shekara sai ta ƙara masa gishiri. Bara har cewa ta yi wai da gangan na yi don in kashe auren yayanku. Jikokina suna ta dariya da Turancinsu na cikin hanci, ni kuwa ina zaune kamar ba da ni ake ba. To ga yadda abin ya faru daga bakin wadda ta aikata. Inda na yi kuskure zan ce kuskure ne, inda na yi laifi kuma zan kira shi laifi, domin ba abu ɗaya ba ne, kuma Auta ta ɗora laifin a inda ba nan yake ba.

Kun san karatu ne ya kawo Babanku ƙasar nan ta Ingila, ni kuma na biyo shi da goyon yayanku. Muka fara zama a ɗaki ɗaya a unguwar Fallowfield ta Manchester, cikin gidan ɗalibai, mu bakwai a kicin ɗaya. Duk wanda ya buɗe firij sai ya toshe hanci ya tambaya ko wani abu ya mutu a ciki, alhali daddawata ce a naɗe cikin leda uku. An ce mini shekara uku za mu yi mu koma Zariya, kuma har yau shekara ukun nan ba ta cika ba. Daga baya muka dawo Gorton, gidan nan mai jan bulo da ke manne da na maƙwabta hagu da dama, inda na haifi sauranku, na kuma yi aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare har gwiwata ta ce ya isa. A duk tsawon zaman nan akwai abu ɗaya da ban taɓa yarda wani zai koya mini ba, shi ne shayi. Nawa na tukunya ne: citta, kanumfari, masoro, 'yar kimba, a bar shi ya yi ta tafasa har ya yi duhu, sannan madara, sukari kuwa ba na ƙirga cokali. Duk wanda ya sha nawa a watan sanyi sai ya cire rigar sanyinsa kafin ya kai rabin kofi.

Sai kuma maganar yayanku. Ɗan fari ne, kuma kun san ban taɓa kiran sunansa ba, ko a littafin nan ba za ku gan shi ba. Haka uwata ta yi da nata ɗan farin, haka tata uwar ta yi. Yana ƙarami wata malamarsu ta taɓa jan ni gefe ta tambaye ni ko akwai matsala a gida, don ta lura ba na kallonsa idan na zo ɗaukarsa. Na rasa ta inda zan fara yi mata bayani. Ina son yaron nan fiye da yadda baki zai iya faɗa, kuma a wurinmu girman son ne ke kawo kunyar. Idan ina da magana da shi sai in bi ta kan Babanku ko ɗaya daga cikinku, shi ma haka. Shi ya sa labarin ma ta bakin Babanku ya zo mini, wata rana ina tankaɗen garin tuwo.

"Yaron nan ya samu mata," in ji shi.

"Masha Allah. 'Yar gidan wa?"

"'Yar gidan wani Malam Ding ce, a Birmingham."

"Ding? Mutanen Jos ne?"

"Gaba da Jos kaɗan. Chaina."

Na ajiye rariyar. Babanku ya shiga yi mini lacca irin tasu ta masu digiri uku. Wai Musulmi ne gaba da baya, sunanta Maryam, a jami'a suka haɗu, uwarta ta rasu tun tana ƙarama, uban ne ya raine ta, yana da gidan sayar da taliya a Stratford Road cikin unguwar Sparkbrook, kuma ba ya rasa sahun gaba a masallaci. Ni dai abin da na sani yana zuwa daga Chaina shi ne buta da fitila da wayar caji. Babanku ya ce ai butar ma alwala ake yi da ita. Na ce Allah ya sanya alheri, na ci gaba da tankaɗe. Amma a zuciyata ban so ba, kuma ba don yarinyar ta yi mini komai ba, ko ganinta ban yi ba. Tsoro ne ya kama ni. Na ga an tafi mini da ɗa zuwa wani gida da ban san bakinsa ba, na ga jikokin da zan yi wa magana su yi ta kallona. Na riga na rasa Zariya, ban shirya rasa shi ba.

Wata Asabar ya shigo kicin ya same ni ina shirin markaɗe. Yana riƙe da wani koren gwangwani naɗe da jan ƙyalle, jikinsa duk rubutun Chaina, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Mama, wannan daga baban Maryam ne. Ya ce special ne, from their village. Yadda ake yin sa shi ne, za ki fara…"

Ɗan fari, a tsaye a gabana, yana yi mini zancen surukansa baki da baki. Na danna injin markaɗe. Ya tsaya yana jira ya mutu, da ya mutu na ƙara ruwa na sake dannawa. Ya ajiye gwangwanin a kan tebur ya fita. Da na bar shi ya ƙarasa maganar nan da Auta ba ta samu labarin bayarwa ba. Na ɗauki gwangwanin na tura shi cikin kabad, tsakanin daddawa da kuka, na manta da shi.

Bayan mako biyu Babanku ya ce ran Lahadi za mu Birmingham gaisuwa, har da ni. A gida uwa ba ta zuwa neman aure, aikin baffanni ne, amma baffannin yayanku suna Zariya, kuma Malam Ding ya ce yana son ganin uwar yaro. Nan na tuna da gwangwanin, domin ba a karɓar kyautar mutum a je masa hannu rabbana, ballantana ya tambaye ka yadda ka same ta ka yi tsuru-tsuru. Na buɗe. Ganye ne kore-kore, siriri, kowanne a miƙe a shafe kamar an yi masa guga, yana ƙamshi irin na gyaɗar da aka soya sama-sama. Na san abin da za ku ce, kun sha faɗa: wai shekara nawa a Ingila ban san koren shayi ba? Na san shi mana, wanda mata ke sha don rage teɓa, amma shi gari ne a cikin 'yar jaka mai zare. Wannan kuwa ganye ne sosai, kuma duk 'yar Zariyar da aka kawo wa busasshen ganye daga ƙauye ta san ko na miya ne ko na kwaɗo. Na tauna ɗaya, na ji ɗaci da bauri. Sai na kira aminiyata Hajiya Larai, wadda ke zaune a Sparkbrook ɗin, matar da tunda nake da ita ban taɓa jin ta ce ba ta san abu ba.

"Siriri ne? Da ɗaci?" ta tambaye ni.

"Da ɗan bauri kuma."

"Zogalensu ne. Ai ina ganinsu da shi a nan. Ki tafasa shi da 'yar kanwa, ki zubar da ruwan, ki sake zuba wani, har sau uku. Ruwan ba shi da wani amfani, shi ne ɗacin."

Ran Lahadi da safe na juye gwangwanin kaf cikin tukunya, na bi umarnin Hajiya Larai ban tsallake komai ba. Sau uku ina tsiyaye ruwan nan a wurin wanke-wanke, gidan ya ɗauki wani ƙamshi da ban taɓa ji ba, har Auta ta sauko tana tambayar wane sabon turaren ɗaki na saya. Ganyen ya kumbura ya kusa cika tukunya. Na matse shi, na zuba dakakken ƙuli-ƙulin da aka aiko mini daga gida, albasa, tumatir, attaruhu, man gyaɗa, gishiri, na cakuɗa. Ina so a rubuta a ajiye cewa Babanku ya ci cokali biyu, don daga baya ya yi ta nuna kamar ba ya gidan.

"Zogalen nan nasu akwai tauri," in ji shi, "amma hannunki ya gyara shi."

Na zuba a cikin kular da ba na fito da ita sai an yi manyan baƙi, na naɗe ta da jan ƙyallen da ya zo da gwangwanin. Yayanku ne ya ja motar, ana ta yayyafi tun daga Manchester. A hanya ya tambayi Babanku ko na gwada abin da aka aiko, Babanku ya ce ai ta yi amfani da shi duka. Na ga ƙeyarsa ta motsa don murna, yana cewa lallai ya yi mata daɗi, duka a sati biyu. Muka biya muka ɗauki Hajiya Larai don ta yi mini rakiya, ta shigo da mayafi mai ƙyalli da ƙamshin humra, tana tambayata a kunne ko na sa kanwar.

Gidan Malam Ding a saman shagonsa yake, ana hawa ta wata siririyar matakala. Ɗaki ne tsaf, ga sallaya a ninke, ga hoton Ka'aba a bango irin wanda ke falonmu. Shi kansa ɗan tsoho ne gajere, da farar hula da ɗan gemu da za a iya ƙirga gashinsa. Maryam ta fito da hijabinta ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ina wuni, Mama," da wata Hausa da ka ji ka san an kwana biyu ana bitarta. Na amsa ina kallon kafet. Da aka gama gaishe-gaishe na tura kular gaban Malam Ding, na gaya masa da Turancina na kicin ɗin makaranta cewa kyautarsa ce na sarrafa na kawo masa, don ya san ba a wulaƙanta ta ba.

Ya buɗe yana murmushi. Murmushin ya tsaya a inda yake. Ya daɗe yana kallon cikin kular, sannan ya sa yatsa biyu ya zaro ganye ɗaya, ya share masa ƙuli-ƙuli, ya ɗaga shi wajen taga. Ya faɗi wata gajeriyar magana da yarensu, Maryam ta sa hannu ta rufe baki. Yayanku ya leƙa, ya koma ya zauna a hankali kamar wanda aka yi wa allura.

"Baba," ya ce da Babanku, "tea ne. Shayi ne."

Maryam ce ta yi mana bayani, muryarta ƙasa-ƙasa, kanta a sunkuye. Sunansa Lonjin, sunan wata rijiya ce a tsaunukan garinsu. Ba a tsinkar mai kyansa sai a 'yan kwanakin farko da sanyi ya wuce, kuma tohon da ke can kan reshe kaɗai ake ɗauka. Yayan babanta ne ke soya shi da tafin hannunsa a cikin kaskon ƙarfe mai zafi, yana dannawa yana juyawa, abin da ya sa na ga kamar an yi masa guga ke nan. Tsohon ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, kuma ya ce na bana shi ne na ƙarshe da zai soya. Gwangwani ɗaya ya aiko da wani ɗan ƙulli. Malam Ding ya ba ni gwangwanin, ya riƙe ƙullin.

"Ruwan da kika dafa shi," Malam Ding ya tambaye ni, "yana ina?"

"Na zubar," na ce. "Sau uku."

Na juya wajen Hajiya Larai, na tarar ta zaro carbi tana ja, idonta a rufin ɗaki. Babanku kuwa ya shiga gyaran hularsa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don na gane cewa na zubar da kyautar a rariya na kawo wa mai ita dusar.

Malam Ding ya tashi ya shiga ciki. Na ce shi ke nan, takalmanmu zai miƙo mana. Sai ga shi ya dawo da 'yan sandunan nan biyu da suke cin abinci da su. Ya zauna, ya jawo kular, ya yi bisimilla, ya kai baki. Kun san hannuna da attaruhu. Fuskarsa ta yi ja, hawaye ya zubo masa, kuma har yau ban sani ba ko na yaji ne ko na yayansa. Ya tauna, ya haɗiye, ya sake ɗiba. Bai tsaya ba sai da ya ci rabin kular, yana share hanci da hankici.

"A garinmu ma ana dafa shi da jatan lande," in ji shi da ya samu numfashi. "Gyaɗa ce dai ba mu taɓa tunani ba. Zan gaya wa yayana an ci ganyensa har ƙarshe, ba a bar ko ɗaya ba."

Daga nan ya ce tunda ban samu shan nawa ba, bari mu sha nasa. Ya ɗauko ɗan ƙullin nan. Ya ɗora ruwa, da ya tafasa ya buɗe murfin butar ya koma ya zauna yana hira da Babanku. Na ɗauka mantuwa ya yi, har na fara tausayin mutumin da ba shi da mata. Ashe da gangan ne: wai tafasasshen ruwa ƙona ganyen yake yi, shi ke fito da ɗacin, sai an bar shi ya ɗan huce. Ya jera kofunan gilashi dogaye don a riƙa ganin abin da ke ciki, ya ɗauraye su da ruwan ɗumi, ya sa wa kowanne abin da yatsa uku suka ɗauka. Ya zuba ruwa kaɗan, iya wanda zai jiƙa ganyen, ya juya kofin a hankali ya ba mu mu shinshina, sannan ya cika ta gefen gilashin. Ganyen ya taso sama, ya buɗe, wasu suka miƙe tsaye a cikin ruwan, sannan suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Ba madara, ba sukari, ba citta. Ya ce ba a barin sa ya daɗe, kuma ba a shanye kofi ƙarƙaf, idan ya rage kaɗan sai a ƙara ruwa, har sau uku, na biyun ya fi kowanne. Ruwan ya yi wani launi tsakanin kore da ɗorawa, garai-garai, kana hango yatsunka ta cikinsa.

"Wannan ai ruwan ɗaurayar kofi ne," Hajiya Larai ta raɗa mini. Bakinta ya dawo.

Maryam ta ɗauki kofin farko da hannu biyu, ta zo ta durƙusa a gabana.

"Mama, ga shayi," in ji ta da Hausa.

Na karɓa, na ce na gode, na ajiye shi a kan tebur. Hajiya Larai ta gyaɗa kai, alamar na yi daidai. Ku da kuka tashi a nan ba lalle ku gane ba: a wurinmu mace mai kunya ba ta ci ba ta sha a gaban surukai. Uwata ta taɓa wuni cur da ƙishirwa a gidan surukan yayana, randa tana gefenta. Malam Ding ya nuna mini kofin da hannu, na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Babanku, wanda boko ya daɗe da cinye masa irin wannan kunyar, har ya kai rabin nasa. Maryam ba ta tashi ba. Hannayenta suna nan a buɗe a kan cinyarta, tururin kofin yana raguwa.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa a cikinku ba. Ban san al'adarsu ba, gaskiya ne, amma ni ba yarinya ba ce. Daga irin durƙuson nan da yadda uban ya daina motsi na gane kofin nan tambaya ce. Ni da na yi shekaru ina cin abincin rana a gaban shugaban makaranta da malamai maza, ba wai ban iya haɗiye ruwa a gaban namiji ba ne. Wurin ɓuya na samu. Na ce a raina idan abin ya lalace ba ni na lalata ba, al'ada ce, ba mai kama ni da laifi, kuma ɗana zai dawo mini Gorton. Kwaɗon nan da kuke yi wa dariya da zuciya ɗaya na yi shi. Ajiye kofin nan kuwa da zuciya biyu na yi.

Yayanku ya taso ya durƙusa kusa da ita. Ya ɗaga kai ya dube ni cikin ido, abin da bai yi ba tun yana ɗan firamare, ya yi mini magana kai tsaye da Hausarsa mai karyayyen ƙashi.

"Mama, a wurinsu idan maman miji ta sha, ta karɓi yarinya ke nan. Idan ta ajiye, ta ce a'a. Ni ba zan yi aure ba sai da yes ɗinki, kin sani. Amma idan a'a ne, please ki faɗa mini da bakinki. Kar ki bar cup ya faɗa."

Hajiya Larai ta mintsine ni a cinya.

"Ke Rakiya, a gaban suruki? Za a ji a gida fa."

Ban dube ta ba. Kular nan na duba, rabinta wayam, na dubi tsohon da har lokacin idonsa jawur. Mutumin nan na ɓata masa aikin hannun yayansa na ƙarshe, ya zauna ya cinye abin kunyata da yajinsa da kanwarsa don kada in tashi da ita a gaban ɗana. Ga 'yarsa tilo, marainiya, a durƙushe a gabana, ni kuma ina neman mayar masa da ita da kofin da ban taɓa ba. Na ji na tsani kaina. Na ɗauki kofin, na jawo mayafi na rufe fuskata da shi gaba ɗaya, na kafa kai a ƙarƙashinsa.

Da farko ban ji komai ba, na ce lallai Hajiya Larai ta yi gaskiya sau ɗaya a rayuwarta. Sai da na haɗiye sannan wani zaƙi ya taso mini daga maƙogwaro, ba na sukari ba, ga ƙamshin gyaɗar nan ya biyo shi ta hanci. Na fito da kofin daga cikin mayafi, da ganye biyu maƙale a haƙorina. Malam Ding ya yi wata magana, Maryam ta fassara tana dariya tana share ido.

"Baba ya ce shi bai ga komai ba, mayafi kawai ya gani yana motsi. Ya ce kuma ba a shan sa a guje. Wai ki gwada na biyu."

Ya ƙara ruwan. Na sauke mayafin a kafaɗa. Na sha na biyun a hankali, fuskata a buɗe, a gaban suruki, a gaban Hajiya Larai, a gaban ɗan fari. Na sha na ukun ma.

Kafin mu iso Manchester labari ya isa Zariya. Yayata ta kira ni washegari tana salati, wai ta ji na zama Baturiya, ina ɗaga kofi a gaban suruki har sau uku. Na lura dai labarin da Hajiya Larai ta aika babu zancen kanwa a cikinsa. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya dame ni shi ne wani ɓangare na tsorona ya tabbata. Bayan biki Birmingham suka zauna kusa da tsohon, ɗakin yayanku ya koma wurin ajiye akwatuna, kuma jikokina na wajensa Hausarsu ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba. Yana yi mini ciwo har yanzu, ba zan ɓoye muku ba. Amma Maryam, wadda na ji tsoron za ta raba ni da harshena, ita ce yau ke gyara wa mijinta Hausa, kuma ita ta kwana uku a kujerar asibiti lokacin da aka yi mini aikin gwiwa.

Malam Ding ya rasu, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Har ya bar duniya duk Sallah sai na aika masa kwaɗo, na zogalen gaske, shi kuma duk sa'ad da sanyi ya wuce sai ya aiko mini da gwangwani, na hannun ɗan yayansa, da 'yar takarda manne a murfin an rubuta da Turanci cewa na sha ne. Yanzu Maryam ke kawowa. Da ta zo da na bana muna zaune a kicin mu biyu, ta buɗe murfin buta tana jira ruwan ya huce, sai na ga idan ban faɗa yanzu ba ƙila in tafi da shi. Na gaya mata abin da na rubuta muku a nan, na ce ta yafe mini.

"Na sani, Mama," in ji ta. "Ai ina durƙushe a gabanki, hannunki nake kallo. Da kika ajiye kofin bai yi rawa ba. Sai da kika ɗauka."

"Shekaru nawa kina sane, ba ki taɓa faɗa ba?"

"Kin sha ai. Har uku."

Ta zuba ruwan, ta turo mini kofin da hannu biyu. Muka zauna muna kallon ganyen yana sauka, ni ina ta share ido da bakin ɗankwali. Can ta miƙe za ta ajiye gwangwanin, ta buɗe kabad, ta tsaya.

"Wancan na yafe tuntuni, Mama. Amma ajiye shayi kusa da daddawa, wannan kam sai kin tuba."

To Auta, bana idan za ki ba da labarin ki ba da shi daidai. Ki yi dariyar kwaɗon yadda kike so, ni ma ina yi. Amma idan kin zo kan kofin, ki sassauta murya, ki gaya wa yaran yayanki cewa kakarsu ta kusa mayar da uwarsu, kuma wani tsoho ne da ba ya jin Hausa ya hana ta, da rabin kular kwaɗo.